Abin da na tarar da na buɗe allon sitiyarin jirgina

Jirgina ƙaramin jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, ƙirar faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, tsawonsa mita 9. Da aka ɗaga shi aka ajiye kan tudu don a sabunta masa fentin gindi, gangar jikinsa ta bushe tas ba da daɗewa ba, amma allon sitiyarinsa ya ƙi bushewa. Allon sitiyari shi ne faffaɗan allon nan da ke rataye cikin ruwa ta bayan jirgi, wanda idan ka murɗa sitiyari a sama yake karkata ya juya jirgin. Daga ƙasansa wani ruwa ja-ja yake ɗiga a hankali. Na lakato da yatsa na shinshina, sai na ji ƙarnin ƙarfe da ɗan tsami-tsami.

Sai mutum ya san yadda ake ƙera wannan allo kafin ya gane dalilin da hankalina ya tashi. Ana zuba ɓawonsa na faiba gida biyu, ɓarin dama da ɓarin hagu, sannan a haɗe su da gam ta gefe-gefe. A tsakiya akwai sandar ƙarfen sitenles wadda ke fitowa ta sama, ta ratsa gindin jirgi ta haɗu da sitiyari. A jikin sandar, can cikin allon inda ido ba ya kaiwa, an yi waldar wasu faffaɗan ƙarafa da suka miƙe ta baya, su ne haƙarƙarinsa. Ragowar wurin kuma an cike shi da soso mai tauri. Idan ka juya sitiyari, sanda ce ke juyawa, ita ta tura haƙarƙari, haƙarƙari su tura soso da ɓawo. Ke nan duk ƙarfin da ruwa ke dannawa a kan allon nan, a kan 'yan wuraren walda yake sauka.

Ruwa kuwa kusan kullum ta wuri ɗaya yake shiga, ta wuyan allon, inda sanda ta huda faiba. Ƙarfe da faiba ba sa miƙewa ko tsukewa daidai da juna idan zafi ko sanyi ya taɓa su, ga kuma jijjigar da sanda ke sha duk lokacin da igiyar ruwa ta daki allon. A kwana a tashi sai wata 'yar tsaga da ba ta kai kaurin gashi ba ta buɗe a zagayen sandar. Wannan ta isa. Inda ake sanyi mai daskarar da ruwa abin ya fi muni, domin ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, sai ya tsaga haɗin ɓawon daga ciki.

Na fara da ƙwanƙwasawa. Na ɗauki ƙaramar guduma mai kan roba ina bin allon taki-taki ina sauraro. Inda faiba ke manne da soso, ƙarar a tsaye take fita, ƙwas-ƙwas. Inda suka rabu ko soso ya sha ruwa, sai ka ji ta mutu, dum-dum. Duk inda na ji ta mutu na zagaye shi da alli, kafin in gama sama da rabin ɓarin hagu ya zama zane. Na huda ƙaramin rami a can ƙasa, ruwa ya tsiyayo baƙi-baƙi. Daga nan na sa aka ɗaure sitiyari tamau a sama, na rungumi allon da hannu biyu na tura shi dama na tura shi hagu da iyakar ƙarfina. Ya ɗan motsa alhali sandar tana tsaye. Motsin bai fi 'yan milimita ba, amma na ji shi a tafin hannuna sarai.

Masu jirage da ke wurin sun ba ni shawarar da aka saba bayarwa: ka huda ramuka a ƙasa, ka bar shi ya tsiyaye, ka ɗura masa ifoksi, wani gam da ake kwaɓawa ya daskare da tauri, da sirinji, ka toshe, ka yi fenti. Mutane da yawa haka suke yi duk shekara, kuma jiragensu na tafiya. Ni dai ban yarda cewa wannan gyara ba ne. Soson da ya yi shekaru yana shan ruwan gishiri ba ya bushewa ta ƙananan ramuka, ifoksi kuma ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Abin da ya fi damuna ma ba ruwan ba ne, ƙarfen da ke kwance cikin ruwan ne. Sitenles ba ya tsatsa ne saboda sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi masa wani siririn lulluɓi. Idan aka kulle shi cikin ruwan gishirin da ba ya gudana, inda oksijin ya ƙare, lulluɓin ba ya sabuntuwa, sai ƙarfen ya fara cin kansa a lungu-lungu, musamman bakin walda. Ranar da waldar ta saki, sanda za ta riƙa juyawa ita kaɗai cikin allon kamar mariƙin ƙofar da ya kwance, kana murɗawa ƙofa ba ta san kana yi ba. Kuma ba a ranar da teku ke kwance take sakewa ba, sai ranar da iska ta yi ƙarfi. A gasar tseren jiragen ruwa ta Fastnet ta watan Agustan 1979, wadda jirage 303 suka shiga daga Ingila, guguwa ta hallaka 'yan gasa 15, kuma jirage da dama sun rasa allon sitiyarinsu a tsakiyar teku. Nasu ba tsatsa ce ta ci su ba, galibi sabuwar ƙira ce ta zaren kabon da ta kasa ɗaukar nauyin, amma duk wanda ya karanta labarin ya san halin da jirgi ke shiga idan ya rasa abin juya shi. Na yanke shawarar buɗewa in gani da idona.

Sauke allon aikin mutum biyu ne. Na shiga ramin bayan jirgin na kwance wayoyin sitiyari da ƙarfen nan mai siffar rubu'in da'ira da ke riƙe da kan sanda, na ɗauki hoton kowane abu kafin in taɓa shi. Tun da sandar doguwa ce, sai da aka ƙara ɗaga jirgin kafin ta zare ta ƙasa. Nauyinsa ya ba mu mamaki, ruwa ne fal a ciki.

Kafin zarto ya taɓa shi na yi abubuwa biyu da ba su da makawa. Na yanko kwali mai tauri na fitar da siffar kumburin allon a wurare daban-daban daga sama zuwa ƙasa, na rubuta wa kowane lamba. Allon sitiyari ba shafaffen katako ba ne, yana da kumburi irin na fiffiken jirgin sama, mai kauri ta gaba, siriri ta baya, kuma dole ɓangarorin biyu su yi daidai, in ba haka ba jirgi zai riƙa ja gefe guda. Sannan na kafa shi kan tebur cikin wani maƙalin katako da na haɗa, na yi alama a kan sanda da kan maƙalin, don in na mayar da sandar ta koma daidai kusurwar da take. In ta kauce ko da kaɗan, sitiyari zai nuna tsakiya alhali allon ya karkata.

Na saita zurfin zarton lantarki milimita 5, don ya yanki ɓawo kawai kada ya taɓa ƙarfe. Na yanke kusan dukkan ɓarin hagu, na bar baki kamar faɗin tafin hannu a zagaye. Da na sa kurfi na ɓamɓare, wani wari ya bugo ni. Soson sama ya yi launin ƙasa, in ka danna shi da babban yatsa ruwa ya taso ya cika gurbin. Na ƙasa ya ruɓe, da hannu ma ana kwasarsa. A kusa da ƙarfe kuwa ya zama baƙin laka. Na yi ta ƙwaƙula da kurfi da buroshi har haƙarƙarin suka bayyana, guda 3 ne. Na sama lafiya lau. Na tsakiya waldarsa ta tsage fiye da rabi, har farce na shiga. Na ƙasa kuwa da na kama shi na girgiza sai ya zo hannuna gaba ɗaya, bakinsa ya zama ramuka-ramuka, kuma abin da ya rage yana riƙe da shi bai kai faɗin farce ba. Daga waje babu abin da zai nuna maka haka. Fentin allon sumul yake.

Ba a yin walda a jikin faiba, zafin zai ƙona ɓarin da ya rage, don haka na tsaga wuyan allon ta ɓangaren da na buɗe na zaro sandar dungurungum na kai wa mai walda. Dattijo ne da ya daɗe yana aikin ƙarafan jirage. Bai ce komai ba sai da ya wanke sandar, ya fesa mata wani jan ruwa, ya jira, ya goge, ya bi da farin feshi. Duk inda akwai ɓoyayyiyar tsaga, jan na tsotsowa ya fito a kan farin. Mun fi zuba ido a daidai wuyan, inda sanda ke fita daga allo, domin nan ne ta fi shan lanƙwasa. Wurin ya fito fari fat, sai 'yan ɗigo marasa zurfi da ya goge suka ɓace.

Na ce, "Baba, a cike tsagar nan da walda mana, ko ba za ta riƙe ba?"

Ya girgiza kai. "A'a, ɗana. Abin da ruwa ya riga ya ci ba a ɗora walda a kansa. Sandarka tana da sauran rai, ita za mu bari. Waɗannan ukun duka sababbi za mu yanka."

Ya yanko sababbin daga sitenles lamba 316, wanda ke ɗauke da sinadarin molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin 100, shi ya sa ya fi lamba 304 jure gishiri. Ya zagaye kowane da walda gaba da baya, bai bar lungun da ruwa zai maƙale ba. Bayan ya gama ya shafa wani sinadari mai ƙarfi da ke cinye launin ƙunar walda, ya ɗauraye. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in goge shi da buroshin baƙin ƙarfe, domin ɓurɓushinsa na maƙalewa a jiki ya zama mafarin tsatsa.

Ɓawon da ya rage na ɗauraye cikinsa da ruwan daɗi sau da yawa. Abin kamar ba ya kan hanya, mai neman bushewa yana ƙara ruwa, amma gishiri na janyo laima daga iska, muddin yana nan wurin ba zai taɓa bushewa ba. Daga nan na bar shi a inuwa mai iska da fitilar ɗumi a nesa kaɗan. Don in tabbatar, nakan manna farar leda a jikinsa in rufe gefenta da tef in bar ta ta kwana. Sai da na daina ganin raɓa a cikin ledar sannan na ci gaba. Wannan jiran ya fi kowane mataki tsawo, kuma babu dabarar da ke gajarta shi.

Da na mayar da sandar cikin maƙali bisa alamomina, na yi abin da masu ƙirar farko ba su yi ba. Su sun bar haƙarƙarin suna iyo cikin soso. Ni na gurza cikin ɓawon da samfefa mai kaushi, na kwaɓa ifoksi da garin silika har ya yi kaurin da ba ya zuba, na shimfiɗa haƙarƙarin a kai, sannan na lulluɓe kowane da ƙyallen faiba har ya kama ɓawon ta kowane gefe. Yanzu ƙarfin juyi daga ƙarfe yake tafiya kai tsaye zuwa ɓawo, ko da soso ya lalace wata rana.

Ifoksi na zaɓa maimakon gam ɗin foliyesta da aka yi jirgin da shi tun asali, domin ya fi kama tsohon faiba kuma ya fi hana ruwa ratsawa. Amma ba ya yafe ganganci wajen awo. Wanda na yi amfani da shi, West System, kashi 5 ne na gam da kashi 1 na mai daskarar da shi, kuma ƙara mai daskararwa ba ya sa shi saurin kamawa, lalata shi yake yi. Na ɗauki mai jinkirin kamawa, wanda ke ba ka kamar minti 20 zuwa 25 a kofi idan zafin wuri ya kai digiri 22. Kaɗan-kaɗan nake kwaɓawa a faffaɗan mazubi, saboda in ya taru da yawa a kofi mai zurfi yana ɗaukar zafi da kansa har ya yi hayaƙi. Safar hannu da takunkumi mai matatar sinadari ba na cire su. Jikin mutum na iya ƙin ifoksi bayan yawan taɓawa, kuma in ya ƙi shi, ya ƙi ke nan har abada.

Sabon soson ruwa biyu ne da ake haɗawa su kumbura. Akwai marar nauyi, mai kilo 32 a kowace kubik mita, wanda ake cusawa a jirage don kada su nutse. Wannan bai dace da nan ba, yatsa ma na lotsa shi. Na nemi mai kusan kilo 130. Da zarar ka haɗa ka juya, ba ka da ko minti ɗaya kafin ya fara tashi, don haka komai sai ya kasance a shirye. Na riƙa zubawa kashi-kashi, ina barin kowane ya huce, har ya haura bakin ɓawon. Da ya daskare na sassaƙe shi da zarton hannu, na bi da dogon katako mai samfefa, ina ɗora kwalayena ina duba inda haske ke ratsawa. Na sauke shi ƙasa da siffar ƙarshe da milimita 4, gurbin sabon ɓawo.

Bakin tsohon ɓawon na gurje shi ya kwanta a gangare, tsawon gangaren ninki 12 na kaurinsa. Kauri milimita 4 ke nan gangare kusan santimita 5. Wannan ne ke ba sabon faiba wurin kamawa. Na shafe fuskar soson da ifoksi mai ɗan kauri don ya toshe ƙofofinsa, sannan na fara shimfiɗa ƙyallen faiba mai zare gicciye, babba a ƙasa, na bisansa ya ɗan fi shi ƙanƙanta, ina jiƙa kowane har farinsa ya ɓace ya zama garau, ina korar kumfar iska da rola. Tsohon haɗin ɓarin biyu ma na gurje shi duka na naɗe shi da ƙyalle, ta gaba da ta ƙasa, har allon ya zama ɓawo guda. Ifoksi in ya kwana yakan fitar da wani maiƙo a fuska, wanda ruwa da abin gogewa ke wankewa, tina ba ta fitar da shi. Kowane lokaci sai na wanke shi kafin in gurza in ƙara wani abu a kai.

Wuyan allon na fi daɗewa a kansa duk da ƙanƙantarsa, domin ta nan ɓarnar ta fara, kuma in aka bar shi yadda yake, duk aikin da ke ƙasa zai koma gidan jiya. Cike shi da ifoksi mai tauri ba ya magani, zai sake tsagewa yadda na farko ya tsage. Na sassaƙa kwari a zagayen sandar, faɗi da zurfi kamar milimita 6. Na gurza sandar a daidai wurin har ta yi haske, na goge da asiton, ban bar ta ta jima ba na cika kwarin da gam mai laushi na foliyuritan, irin 3M 5200, wanda ko ya kama yana miƙewa yana dawowa. Na lailaye shi da yatsa cikin safa, na ɗan tayar da shi ya hau jikin sandar don kada ruwa ya samu wurin kwanciya. Yana ɗaukar kusan mako kafin ya gama kamawa, na kuwa bar shi ya cika lokacinsa. A ganina wannan zoben shi ne ainihin abin da ke hana ruwa shiga, fenti na biye masa ne. Ba kuma na dindindin ba ne, abin dubawa ne duk lokacin da aka ɗaga jirgi, a canja shi da zarar gefensa ya fara ɗagowa.

Sauran aikin na haƙuri ne kawai. Foti, gurzawa, dubawa da kwali, a sake. Fotin da ke da sauƙin gurzawa yana shan ruwa, don haka siriri na shafa, kuma na tabbatar an rufe shi ruf daga baya. Bakin baya na allon ban bar shi da kaifi ba, ban kuma mulmula shi ba, na yanke shi a miƙe da faɗin milimita 3, saboda mulmulallen baki na sa allo ya riƙa kuka yana karkarwa idan jirgi ya ɗauki gudu.

Daga nan sai rigar hana ruwa, wato ifoksi da ake shafawa shafi bisa shafi har kaurinsa ya kai kusan rabin milimita. Ina shafa na gaba tun na baya yana da ɗan danƙo, don su narke cikin juna ba sai an gurza ba. Fentin gindi, mai hana ƙwari da gansakuka mannewa, shi ma yana da lokacinsa: ka danna babban yatsa a kan shafin ƙarshe, in ya bar shaida amma bai biyo yatsan ba, lokaci ya yi. Tun da fentin na ɗauke da jan ƙarfe, na bar ɗan tazara tsakaninsa da sandar. Na zaɓi fenti mai launi mai haske, kuma muddin allon na kan tudu ina rufe shi da farin ƙyalle, domin rana na iya gasa allo mai duhun fenti har iskar da ke cikin soso ta kumbura ta raba shi da ɓawo.

Kafin mu mayar, na duba bushin, wato zobban da sanda ke juyawa a ciki, na tarar na ƙasa ya sassauta. Jijjigar da wannan ke haifarwa na cikin abin da ke buɗe wuya, don haka na sa aka fiƙe sabo. Ban yarda da nailan ba, yana shan ruwa ya kumbura ya riƙe sanda. Na roba mai suna Delrin aka yi. Na auna nauyin allon a sikeli na rubuta a littafin jirgi, don duk ranar da aka sake sauke shi a kwatanta a ga ko ya sha ruwa. Muka cusa sandar ta ƙasa, na mayar da ƙarfen rubu'in da'ira bisa hotunan da na ɗauka, na ja wayoyin daidai, ba su saki ba, ba su kuma yi tsauri ba.

A fitar gwaji iska na da ɗan ƙarfi. Na juya jirgin dama da hagu, na ja da baya da inji, wanda shi ne ya fi matsa wa allo lamba, ban ji wasa ko kuka a sitiyari ba. Da muka dawo na shiga ramin baya da tocila, na tarar wayar hagu ta ɗan saki bayan ta zauna a gurbinta, na ƙara mata rabin juyi na kulle notinta.